Rimot a Aljihun Gabdo

Akwai wani manomi a Digil mai suna Gabdo. Wata Laraba, da ƙarfe goma na safe, ya shigo kasuwar Mubi da buhun masara a bayan mashin, da sabon alam mai ƙara da aka sa wa mashin ɗin saboda ɓarayi.

Shekara shida ke nan yana ajiye mashin ɗin a gefen rumfar Dorathy mai tuyar ƙosai. Kullum sai ya ce, "Maman Wisdom, ga amana." Ita kuma ta ce, "Je ka, idona na kai."

Ran nan ya ajiye mashin kawai. Ya ciro rimot ya danna, mashin ya yi ƙara.

"Yau babu gaisuwa, Malam Gabdo?"

"Na sauke miki nauyi. Yanzu mai gadina yana aljihu."

Sai dai alam ɗin ba ya bambance ɓarawo da akuya. Babbar mota ta wuce, ya yi kuka. Wani ya jingina da mashin, ya yi kuka. Masu sayen ƙosai suka daina zama a bencin Dorathy, ita kuma tana komawa gida da ciwon kai.

Sau uku tana roƙonsa. "Don Allah ka je wajen wanda ya sa, ya rage masa ji. Kunnena ya gaji."

"Aikinsa yake yi. Ki toshe kunne mana."

A mako na huɗu ta kwashe kasko da murhu ta koma tsallaken titi, bayan masu tumatir.

Wata ranar kasuwa Gabdo ya ajiye mashin a inda ya saba, ya danna rimot, ya shige ciki inda injinan niƙa suke ruri. Ya daɗe ana cinikin masara. Da ya fito, wurin wayam. Ya danna rimot. Ya matsa gaba ya sake dannawa, ya ɗaga hannu sama ya danna. Shiru.

Da ƙyar ya gano sabuwar rumfar Dorathy.

"Maman Wisdom, ba ki ji kukan mashin ɗina ba?"

"Na ji."

"Kuma ba ki leƙa ba?"

Ta share zufa da bakin zani. "Yau sau biyar ya yi kuka, Malam Gabdo. Wanne zan leƙa? Daga nan ko wurin ba na hangowa."

Wani mai faci ya ce ya ga mutum biyu sun ɗora mashin a bayan a-kori-kura yana ta ƙara, ya ɗauka wajen gyara za a kai shi.

Gabdo ya kai rahoto ofishin 'yan sanda. Ba a ga mashin ɗin ba. Yanzu motar haya yake jira ta kawo masa masara daga Digil.

Darasi: Na'ura kira kawai take yi, mutane ne ke amsawa. Kada sabon abu ya sa ka raina wanda ya daɗe yana riƙe maka amana. Ku tura wa 'yan'uwa masu mashin su karanta.