Mayafin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha labari!

To, ku matso. Wata yarinya ce, Kuluwa, a gindin wani dutse. Ba uwa, ba uba, sai akuya ɗaya tak. Akuyar nan 'yar kan dutse ce, gashin cikinta ya fi auduga laushi. In sanyi ya wuce sai Kuluwa ta taje gashin, ta kaɗa zare, ta saƙa mayafi. Da shi take ci, da shi take sha. A haka ta tara mayafai uku farare tas.

Rannan sai ga Kura. Ko sallama babu, ta damƙe igiyar akuya, ta zauna.

Akuya ta ce, "Kuluwa, tawa ta ƙare."

Kuluwa ta daure. Ta ce, "Baba Kura, nama ai na yini ɗaya ne. Babba kamarki ba mayafi? Bari in rina miki ɗaya, ki bar min ita."

Kun san Kura da son a ce da ita babba. Ta ce, "Rina. In bai yi min ba, na ci."

Kuluwa ta tono saiwar rawaya, ta daka, ta dafa, ta tsoma mayafi. Ya fito rawaya.

Kura ta ce, "Wannan ai launin kitse ne. Kin tayar min da yunwa." Ta jawo igiya.

Kuluwa ta samo karan dafi, ta daka, ta dafa, ta tsoma na biyu. Ya fito ja wur.

Kura ta ce, "Jini ke nan!" Yawu ya dalalo. Ta ƙara jawo igiya, har akuya na jin warin bakinta.

Saura ɗaya. Kura ta ce, "Shuɗi nake so, irin na manya."

Kuluwa ta buɗe tukunyar baba da ta daɗe da jiƙawa da toka. Ta tsoma, ta cire. Ya fito kore shar.

Kura ta miƙe. "Ciyawa? Ni za ki yafa wa ciyawa?"

Kuluwa ta ce, "Haba, Baba. Baba ai sai ya sha iska yake nuna. Yafa shi da danshinsa, ki riƙe hannu bibbiyu, ki ruga. Iya gudunki, iya kyansa."

Ku da kuka taɓa leƙa marina kun san ko a kan igiya aka shanya shi zai juye. Kura ina ta sani?

Ta saki igiya, ta yafa, ta zura. Ta duba, kore ya fara duhu. Ta ƙara mai. Ta duba, ga shuɗi yana fitowa. Ta ce, "Ashe yarinyar nan gaskiya ta faɗa!" Ta yi ta gudu, ta yi ta gudu, ruwan baba na ɗiga mata a jiki. Ƙaya ta ci mayafi, sai ɗigon ya rage, shi ne dabbare-dabbaren da kuke gani a jikinta har yau.

Kafin ta waiwayo, Kuluwa da akuya sun hau ƙololuwar dutse, inda Kura ba ta iya takawa.

Akuya ta ce, "Kin yi asarar mayafinki saboda ni."

Kuluwa ta shafa cikin akuya, ta ce, "Tsaya dai in taje ki."

In akuya na da rai, gashi ba ya ƙarewa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! In da ƙarya a ciki, ku tambayi Gizo, a wurinsa na aro.