Shanun Hindu da Ceɗiyar Buda

An ce a zamanin da, can wata ƙasa ta gabas mai yawan koguna, sarki ya rasu ya bar 'ya guda, Gimbiya Sumati. Kafin a naɗa ta kuwa dole sai ta faɗi addininta a gaban fada. Kuma tsohuwar dokar ƙasar ta ce cikin addinan ƙasar biyu, Hindu da Buda, wanda mai mulki ya zaɓa shi zai zauna, ɗayan a rufe gidan bautarsa, mutanensa su kwashe kaya su bar gari.

To nan fa ake yin ta. Uwarta Hindu ce, ita ta koya mata wanka a kogi da ajiye furanni gaban gumaka. Ubanta kuwa mabiyin Buda ne, shi ke zaunar da ita ƙarƙashin ceɗiyarsu ya ce ta rufe ido ta bi numfashinta. In ta je kogi sai ta yi kewar shirun nan. In ta zauna shiru sai ƙarar ƙararrawar da uwarta ke kaɗawa wajen bauta ta dinga yi mata yawo a kunne.

Ta tara malaman ɓangarorin biyu ta yi ta tambaya. Malam Gobinda na Hindu ya ce rai ɗaya ne, jiki kawai yake sauyawa kamar riga. Malam Uttara na Buda, tsoho mai askakken kai da rawayan mayafi, ya ce a nema a gani, babu wani abu a cikin mutum da ba ya sauyawa. Duk wanda ya yi magana sai ta ji kamar shi ne da gaskiya. Abinci ma ya daina shiga.

Ta kira Waziri Damodara ta ce ita fa ta kasa. Waziri ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ji bakinsu. Ki bar ni in nuna miki ƙafarsu."

Da safe ya aika wa Gobinda a ɓoye cewa gimbiya ta zaɓi Buda. Ya aika wa Uttara cewa ta zaɓi Hindu. Sannan ya sa ta lulluɓe kamar mai tallar ganye, suka zauna gefen gadar da ta raba unguwar Hindu da ta mabiya Buda. Ita dai tana jiran ta ga an fito da sanduna ana faɗa.

Sai ga Gobinda yana koro shanun gidan bauta, waɗanda ba a yankawa, yana share hawaye. Daga can kuma ga Uttara yana dogara sanda. Suka haɗu tsakiyar gada.

Gobinda ya ce tunda an kore su, shanun nan tsofaffi ne, ba za su iya tafiya ba, kuma bai san wanda ba zai sa musu wuƙa ba sai mutanen Uttara. Uttara ya buɗe baki ya ce ai su aka kora, shi ma wajensa zai je ya bar masa amanar ceɗiya, kada a sare ta.

"Kai tsohon nan, kunnenka ne ya soma mutuwa," in ji Gobinda.

"Kai da ƙararrawa ta cinye naka?"

Suna cikin musun wanda aka kora, wata saniya ta kama cin mayafin Uttara. Gimbiya ta kasa riƙe dariya, lulluɓi ya zame. Duk suka zube suna gaisuwa.

Ranar naɗi fada ta cika. Aka tambaye ta addininta. Ta ce a fara kawo mata dokar nan, ta soke ta a gaban kowa. Waziri ya sunkuya ya ce to har yanzu ba ta faɗi nata ba.

Ta ce, "Ban sani ba tukuna, Waziri, kuma ban gama tambaya ba. Amma babu wanda zai sake koro shanunsa kan gada saboda ni."