Ranar da Maiwada Ya Yi wa Laftof Noman Ciyawa

Akwai wani mutum a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua, sunansa Maiwada. Taki da maganin feshi yake sayarwa, yana kuma da wata laftof da ya saya ta hannu. Mutumin kirki ne, amma Allah ya jarrabe shi da "ai na sani". Ko likita ya tarar yana allura, sai ya gyara masa riƙon sirinji.

Mahaifinsa, marigayi Ayuba, makaɗin gangar noma ne. In ana gayya ya saɓa gangarsa ya fara yi wa manoma kirari, ragon ƙauye ma sai ya kai bakin kunya. Kafin ya rasu, Maiwada ya ɗauki kiɗansa da muryarsa a waya, ya juye a laftof. Daga baya wayar ta faɗa rijiya. Ya zama muryar Ayuba ba ta ko'ina a duniya sai cikin laftof ɗin nan.

Mahaifiyarsa, Inna Marka, idanunta sun tafi. Tana da al'ada guda: ranar da ruwan shuka ya sauka, ba ta buɗe tulun iri sai an kunna mata mijinta. Takan ce, "Shi ke buɗe mana damina."

To, bana da bazara ta yi nisa, laftof ta cika ta fara nauyi. Maiwada ya shiga cikinta, ya tarar da fayiloli birjik masu baƙin suna. Matarsa Sakinatu ta leƙo ta ce, "Baban Bushra, ka san abin da kake gogewa kuwa?"

Ya ce, "Ke dai je ki duba tukunyarki. Duk abin da ba ni na shuka ba, ciyawa ce."

Na'urar nan ta yi ta gargaɗinsa, tana tambaya ko ya tabbata. Ya yi ta danna "eh". Da safe ya kunna, allo ya yi shuɗi, da rubutu cewa wani fayil da take tashi da shi ya ɓace.

Ya cire batir ya mayar. Ya hure fanka. Har shanya ta ya yi a rana, wai ko sanyi ne ya kama ta. Ina, ko gezau.

Dole uwar na ƙi, ya hau mashin ya kai ta Malumfashi wurin wani mai gyara, Abdulmutallib. Shi kuma ya sa filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya gwada mayar da abin da ya ɓace, amma ɓarnar ta yi yawa.

Ya ce, "Malam Maiwada, kwantar da hankalinka. Kayanka suna ciki, ƙofa ce kawai ta kulle. Zan ciro ma'ajiyarta in haɗa da wata kwamfuta, in kwashe komai, sannan mu yi gyara. Igiyar haɗawar na wurin abokina a Funtua, sai ranar kasuwa. Ka bar ta a nan. In ma ka tafi da ita, don Allah kada a yi mata fomatin, wato a share komai na cikinta."

Maiwada ya dubi gabas, hadari na haɗuwa. Ana haka wani ɗan garinsu ya gifta, ya yi dariya ya ce, "A'a, Injiniya, yau kai ne a layin asibiti?"

Wallahi wannan 'yar maganar ce ta kashe shi. Ya sunkuci laftof ya ce shi ma ya san hanya.

Ya ari filas mai windo, wato babbar manhajar da kwamfuta ke aiki da ita, wurin masu tura finafinai, ya kalli wani bidiyo a waya, ya zauna. Da aka zo inda ake zaɓar wurin da za a sa windo, ya ga ma'ajiyar a rarrabe kashi-kashi. Bai gane ko ɗaya ba, sai ya share su duka, don dai fili ya yi fes.

Laftof kuwa ta tashi, sumul kamar sabuwa. Ya kira Sakinatu yana washe baki. Don murna har ya loda mata finafinai da manhajoji, bai ko tuna ya duba komai ba.

Washegari ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu sharkaf. Inna Marka ta lallaɓo ta zauna bakin rumbu, tulun iri a gabanta. Ta ce, "Maiwada, kawo min babanka."

Ya buɗe inda yake ajiye shi. Wayam. Ya duba nan, ya duba can, ya rubuta "Baba" a wurin nema, babu.

Ranar kasuwa ya koma wurin Abdulmutallib, ba girman kai, ba ko kallon ido. Mai gyaran ya wuni yana lalube da manhajar ceto. Da la'asar ya ɗago ya ce, "Da fomatin kaɗai ka yi, da akwai fata. Amma ka yi huɗa a kai, ka shuka finafinai. Guntu ɗaya na samu."

Maiwada ya dawo gida ya durƙusa gaban uwarsa, ya faɗa mata gaskiya. Ya kunna guntun.

Aka ji tsoho ya yi tari, ya gyara murya, ya ce, "An fara ne? To, bari in ɗaure gangar." Shi ke nan. Babu kiɗa, babu kirari.

Inna Marka ta ɗora hannu a kan tulu. Can ta ce, "Sake sa min."

Ya sake. Ta ce, "Tarin ma nasa ne."

Ta buɗe tulu ta miƙa masa iri. Ba ta zage shi ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan shi ya fi ci masa rai. Da ta yi masa baki ma da ya fi masa sauƙi.

Har yau in ruwan shuka ya sauka, a gidan nan ana jin Ayuba yana cewa bari ya ɗaure ganga. Inna Marka takan karkata kunne tana jira, Maiwada kuma ya tashi ya fita.

Darasi: Abin da ba ka san amfaninsa ba, kada ka kira shi ciyawa. In na'urarka ta ƙi tashi, a fara kwashe kayanka kafin a yi fomatin, kuma abin da ba shi da madadi kada ka ajiye shi wuri ɗaya. Haƙurin 'yan kwanaki ya fi nadamar har abada. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu muryar iyayensu a waya ɗaya tak.