Ranar da Nabaya Ya Tsayar da Fim

Akwai wani ɗan wasan fim da abokan aikinsa ke kira Nabaya. Ba zagi ba ne, aikinsa ne ya jawo masa sunan.

Fim ɗin da ya fito a ciki labarin wata rundunar 'yan sanda ce ta musamman, irin masu baƙaƙen kayan nan da ke fasa ƙofa su kutsa maɓoyar 'yan fashi. Duk lokacin da suka yi layi a jikin bango, shi ne na ƙarshe. Fuska a rufe, baki a rufe, daga farkon fim har ƙarshensa ko tari bai yi ba.

Fim ɗin kuwa ya karɓu, har mutane suka dami kamfanin da ya shirya shi da tambayar kashi na biyu. Da aka tashi shirya shi, Darakta ya kira Nabaya ofis ya ce, "Wannan karon kai ne a gaba. Kai za ka fasa ƙofa, kai za ka fara shiga, kuma za ka yi magana."

Jama'a, ranar nan Nabaya bai san yadda ya isa gida ba. Matarsa na wanke-wanke ya je ya tsaya a kanta yana ta washe baki.

"Lafiya, Abban yara?"

"Za a ji muryata a fim!"

"Mu da muke jin ta kullum me muka tsinta?" ta ce tana dariya. Amma sai da ta share ƙwalla da bayan hannu, don ta san shekarun da ya yi yana jiran wannan dama.

Shi Daraktan nan ya iya aiki, wannan ba a musu, sai dai zafin kai kamar me. Yana da doka guda da kowa ya haddace: idan ya ce "Akshin", ko rufin gini ne ya rufto, babu mai tsayawa sai shi da bakinsa ya ce "Kot". Ya taɓa korar babban jarumi saboda ya tsaya ɗaure igiyar takalmi.

Kafin a fara kashi na biyu gadan-gadan, sai an ɗauki fitowa guda mai zafi an nuna wa masu ɗaukar nauyin fim ɗin. Aka kama ɗaki a wani dogon benen haya. Mai ginin da ƙyar ya yarda, ya kuma gindaya sharaɗi: sau ɗaya za a tayar da hayaƙi a gininsa, babu ƙari. Ke nan babu maganar maimaitawa.

Tsarin shi ne rundunar za ta hau matakala da gudu, ta fasa ƙofa, ta tarar da wani tsoho, uban shugaban 'yan fashin. Zai firgita ya faɗi, su tsallake shi su wuce ciki.

Sun yi gwaji har ƙafafunsu sun haddace hanya. Tabaran da suke sawa gumi kan rufe shi, ba a ganin lambar ƙofa, don haka hawa suke ƙirgawa: hawa uku, ƙofar hagu. A wurin tsohon kuwa kujera kawai ake ajiyewa, domin ɗan wasan da zai fito a matsayinsa sai ranar ɗauka zai zo.

Ranar ɗauka da hantsi, Darakta ya leƙa matakalar gaba ya ce haskenta bai yi masa ba, a koma ta baya. Babu wanda ya lura cewa matakalar baya daga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa take farawa. Hawa uku daga can zai sauke mutum bene ɗaya ƙasa da ɗakin da aka kama.

Darakta ya shige motar aiki a waje, ya zauna gaban allon kallo. Muryarsa na shiga kunnen kowa ta wata 'yar na'ura.

"Akshin!"

Suka ɗiba a guje, mai kyamara na biye da su. Nabaya ya jefa gwangwanin hayaƙi, ya doki ƙofa da ƙarfen fasawa. Ƙofa ta ce ba ta san zance ba. A ransa ya ce kafintocin nan sun manta ba su sassauta ƙusoshin ba. Ya ƙara, ya ƙara, sai ga ta a ƙasa.

Ga tsoho kuwa a zaune a kujera, rediyo a gefensa, kofin shayi a hannu. Ya ɗaga kai ya ga baƙaƙen mutane marasa fuska da bindigogi cikin hayaƙi. Ya miƙe, kofin ya suɓuce, ya dafe ƙirji ya zube.

"Madalla!" in ji Darakta a kunnensu. "Kai, tsohon nan ya iya! Ku tsallake shi, ku wuce!"

Nabaya ya ɗaga ƙafa zai tsallake, sai ƙafar ta ƙi.

Ya daɗe a wannan sana'a, ya ga faɗuwa iri-iri. Ɗan wasa komai ƙwarewarsa yakan tare da hannu, yakan juya kafaɗa, yakan kare kansa. Wannan tsohon kuwa goshinsa ya daki gefen tebur, bai ko motsa hannu ba.

To amma fa idan gwani ne aka ɗauko? Idan ya tsaya, tsohon ya tashi yana karkaɗe riga, shi ke nan kashi na biyu ya wuce shi, wataƙila da sana'ar baki ɗaya. Na bayansa suna ta tura shi da kafaɗa. Darakta na ihu, "Wuce mana! Me kake jira?"

Nabaya ya yar da bindigar robar, ya fizge abin rufe fuskarsa, ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba.

"Kot!"

Wallahi wurin ya yi tsit, sai rediyon tsohon kawai ke magana.

Nabaya ya durƙusa ya tallabo kan tsohon. Jiki ya yi sanyi, leɓe ya sake kala, jini na bin gira. "Baba! Baba, wasa ne, fim muke yi! Dubi fuskata, mutum ne!" Tsohon ya ɗan buɗe ido ya kalle shi, ya sake lumshewa.

Sai a lokacin hayaƙi ya lafa, suka ga hotunan jikoki a bango da kwalaben magani a kan tebur. Wani daga baya ya ce a hankali, "Innalillahi. Ba ɗakinmu ba ne."

Nabaya ya saɓi tsohon a kafaɗa ya yi ƙasa da shi. A bakin gini suka yi kiciɓis da Darakta, idon Daraktan ya yi ja.

"Wa ya ba ka izinin cewa Kot a aikina? Kai ne a gaba, kai ka fasa ƙofar da ba ita ba, sannan ka kashe min fitowa! Ka tuɓe min kayana. Babu kai a kashi na biyu!"

"Na ji, ranka ya daɗe. Matsa min in wuce."

Direban motar 'yan wasa bai jira umarnin kowa ba, ya buɗe ƙofa, suka nufi asibiti.

Nabaya ya zauna a benci a barandar asibiti cikin baƙaƙen kayansa, mutane na raɓewa suna ba shi hanya, sun ɗauka ɗan sandan gaske ne. Shi kuwa babu abin da yake gani sai ƙafarsa a sama, tana shirin tsallake mutum. Aikin da ya rasa ko tuna shi bai yi ba.

Can sai ga likita ya fito yana cire safar hannu.

"Kai ka kawo shi?"

"Ni ne, likita."

"Zuciyarsa ce ta so ta ba mu wahala, amma ta dawo daidai. Goshin ɗinki kaɗan ne. Kun kawo shi a kan lokaci. Da an ɗan ƙara jinkiri, da wata maganar muke yi yanzu."

Nabaya ya saki wani dogon numfashi, ya koma kan bencin daɓas. "Alhamdulillahi" kawai yake maimaitawa, yana dariya hawaye na zuba. Wata mai jinya da ke wucewa ta ce, "Yau na ga ikon Allah, ɗan sanda na kuka."

Bai gama hucewa ba sai ga 'yar tsohon, malamar makaranta ce, ta taso daga aji ko allin hannunta ba ta wanke ba. Ganin kayan jikinsa ta yi kansa.

"Ku ne? Ku ne kuka fasa wa mahaifina ƙofa? Wallahi sai na kai ku kotu, sai an rufe wannan fim ɗin naku!"

"Kina da gaskiya, Malama," in ji Nabaya. "Ni na fasa ƙofar da hannuna. Ki yi haƙuri."

Ta zo da shirin musu ne ba ta samu ba, sai ta ja gefe ta zauna a ƙarshen bencin.

Da la'asar aka ba su izinin shiga. A lokacin Darakta ya iso, ya raɓe daga bakin ƙofa riƙe da ledar lemo, duk zafin nan ya sauka. Tsohon na kwance an naɗe masa goshi, amma bakinsa garau.

"Ina mai fuskar?" ya tambaya. "Aljanu sun shigo min da yawa, amma guda ɗaya na ga yana da fuska."

Nabaya ya matso ya durƙusa a gefen gadon. "Ga ni, Baba. A gafarce ni."

"Kai ne mai ƙarfin nan? Ƙofar nan tun uwar wannan yarinyar na da rai nake cewa za a canza ta, ga shi ka hutar da ni." Ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkin. Sannan ya juya ga 'yarsa. "Na ji kina maganar kotu. Idan aka rufe fim ɗin, yaron nan ya rasa aikinsa ke nan?"

Nabaya ya sunkuyar da kai. "Ni ai an riga an kore ni, Baba."

"An kore ka? Saboda me?"

"Saboda na tsaya."

Tsohon ya gyara kwanciya, ya ce, "To, 'yata, ci gaba da ƙararki."

"Wa ya kore shi?" Darakta ya yi zumbur ya shigo har lemo na zubewa daga leda. "Ni ban kori kowa ba, Baba! Zafin aiki ne kawai! Shi ne ma a gaba, shi ne komai!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har ita Malamar da ta sha alwashin ba za ta yi ba. Aka tsaya a kan kamfani zai ɗauki nauyin jinya, ya sa sabuwar ƙofa, kuma kafin a sake ɗaukar komai a ginin sai an bi ɗaki-ɗaki an sanar da mazauna. Fitowar da ta lalace kuwa, Darakta ya ce zai je da kansa ya roƙi mai ginin.

Da suka fito baranda, Darakta ya riƙo hannun Nabaya. Babu dariya a fuskarsa yanzu.

"Kar ka ɗauka tsoron kotu ne kawai. Bayan tafiyarku na mayar da hoton baya na kalla. Mutum na mutuwa a gabana, ni kuma ina jin muryata tana cewa madalla. Da ka bi dokata, da yanzu gawa ce a cikin fim ɗina, kuma ni ne na yaba mata. Gobe ka fito aiki. Daga yau duk wanda ya ga abin da bai gane ba, ya ce Kot, ko mai shara ne."

Nabaya ya gyaɗa kai. Ya jira har Darakta ya sha kwana, sannan ya zauna a kan matakalar asibitin, ya kwance igiyar manyan takalman nan da suka matse shi tun safe, ya miƙe ƙafafunsa. Wani sanyi ya ratsa shi har cikin zuciya. Tsohon na da rai, aikinsa na nan.

Darasi: Babu wata doka ta wurin aiki, babu wata dama komai daɗewar da ka yi kana jiran ta, da ta kai ran ɗan Adam. Idan zuciyarka ta ce maka mutumin da ke gabanka yana cikin wahala, ka tsaya ka duba, ko da kowa na tura ka ka wuce. Kai kuma shugaba, kar ka tsorata na ƙasa da kai har su kasa ce maka an yi kuskure. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, musamman masu ba da umarni.