Takwaran Ɗan Nomau

Ku gyara zama, jama'a. Abin da na zo da shi yau shari'a ce, kuma ku ne alƙalan.

An yi wani manomi ana ce masa Nomau, a wani ƙauye arewa da gulbi. Mutum ne mara hayaniya, gero da wake su ne duk abin da ya sani. Wata damina, gero ya fara fitar da kai, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu, suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Nomau ya tsira da rigar jikinsa da ɗan ƙulli da matarsa Tasalla, wadda cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Ba inda ya rage musu sai kudu, ƙetaren gulbi, inda wata ƙasa take.

A da ƙetare gulbin nan ba komai ba ne. Mutanen gaɓa biyu harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, suna auren juna. Amma a shekarar nan gwamnatin kudu ta tsorata da abin da ke faruwa a arewa, ta kafa doka cewa duk wanda ya ƙetaro ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Aka jibge sojoji a mashigai. Wanda ya ɗauko baƙo a jirgi, a ƙone jirgin. Wanda ya ba baƙo masauki, ya kuka da kansa. Wanda aka kama, a loda shi a mota zuwa wani sansani can cikin daji, inda ba likita ba ungozoma. Kada ku ce gwamnatin ba ta da hujja ko kaɗan, don an taɓa samun mugu ya saje cikin masu gudu. Sai dai dokar ba ta bambanta mai bindiga da wanda bindiga ta koro ba.

Nomau ya iso bakin ruwa da hantsi, gulbi ya cika ya batse. Duk mai jirgin da ya roƙa sai ya kawar da kai. Na ƙarshe shi ne Zakari, wani masunci da ya gaji jirginsa daga mahaifinsa. Shi ma ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri. Tun safe nake korar mutane, har da wata tsohuwa." Yana cikin faɗar haka naƙuda ta murɗa wa Tasalla, ta durƙusa a yashi, ta ciji gefen zaninta don kada ta yi ƙara. Zakari ya dube ta, ya dubi jirginsa, ya yi tsaki. "Ku shiga ku kwanta," in ji shi, ya lulluɓe su da taru. Ya bi da su ta inda ruwa ke juyawa, wurin da jirgin sintiri ba ya kusanta saboda haɗari. Nomau na kwance cikin ƙarnin kifi yana jin katako na kuka, yana riƙe da hannun matarsa, har suka taɓa ƙasa. A hanyar komawa aka tare Zakari. Kafin la'asar jirgin ubansa ya zama toka.

Ba su yi nisa da gaɓa ba suka ji, "Tsaya nan!" Wani soja ne, Kofur Ayuba, bindiga a saite. Umarnin da aka ba shi a fili yake: wanda ya gudu ka harbe, wanda ya tsaya ka ɗaure. Kuma ya ɗaure mutane da yawa kafin ranar nan. Nomau ya shiga gaban matarsa, ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, in ɗauri ne ga ni, in harbi ne ga ni. Ita dai ka bari ta sauka lafiya." Ayuba ya sa bakin bindiga ya kwance ƙullin da ke hannun Tasalla. Tsohon zani ne da ɗan ƙullin garin gero. Ya dubi ƙullin, ya dubi matar. Can ya sauke bindigar ya ce, "Ku bi ta cikin dawar nan. Za ku ga gari. Ban gan ku ba." Ashe wani abokin aikinsa ya hango daga kan tudu. Aka tuɓe wa Ayuba kaki a gaban 'yan'uwansa, aka kore shi, ga mata da 'ya'ya a bariki ba inda za su.

Garin da suka faɗa, mai unguwarsa wani dattijo ne, Malam Shu'aibu. Shi da bakinsa ya tara jama'a ya sanar da su dokar, ya ja musu kunne. Sai ga shi dokar ta zo ta zube a zaurensa tana nishi. Bai tambayi Nomau daga ina ba, don ƙafafunsu sun faɗa masa. Ya kira matarsa ta shiga da Tasalla, ya aika a kira ungozoma. Haihuwar ta zo da gardama. Aka sami ɗa namiji, amma uwar ta zubar da jini har ungozoma ta ce, "Wannan ko zuwa ƙofar gida aka ɗaga ta, ba ruwana."

Washegari motar jami'ai ta tsaya a ƙofar gidan. Nomau na rakuɓe a bayan zana, yana jin komai.

"Mai unguwa, an ce wani da mace mai ciki sun shigo garin nan," in ji babbansu.

"Wanda ke gidana ɗan ƙanena ne. A gidan nan aka yanke cibiyarsa."

"Baba, za ka rantse?"

Malam Shu'aibu, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba tun yana saurayi, ya dafa gemunsa ya rantse da Allah. Jami'in ya dube shi ya sake dubansa, ya kasa ƙaryata furfura, ya shiga mota. Amma hakimi ya san ƙanin Shu'aibu ya mutu bai bar ɗa ba. Bai tona asirin ba, sai dai ya aiko aka karɓe rawanin. Da dattijon ya je wurin liman yana tambayar azumin da zai yi na kaffara, liman ya ce masa irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara, sai tuba da fatan rahama. Tun ranar ba ya son haɗa ido da kowa a masallaci.

Tasalla ta farfaɗo, jariri ya kama nono. Ranar suna ta zo. Da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ragon ma maƙwabta ne suka haɗa hannu suka kawo. Sai ga Zakari da ƙafa, ya biyo sawun mutanen da suka ci masa jirgi, riƙe da ɗan ƙunshin busasshen kifi na mai jego. Sai ga Ayuba cikin rigar aro, ya zauna can gefe kamar mai jin kunya. Malam Shu'aibu kuwa yana kan buzunsa da hula kawai, kai a sunkuye.

Nomau ba shi da gona, ba shi da akuya, ba shi da ƙasa da za ta kira shi nata. Abu ɗaya ya mallaka da zai iya bayarwa, shi ne sunan yaron nan. Da Zakari bai tura jirgi ba, da a yashi Tasalla za ta ƙare. Da Ayuba bai sauke bindiga ba, da ƙetarewar ta tashi a banza. Da Shu'aibu bai rantse ba, da a bayan mota ran Tasalla zai fita. Yaro ɗaya ne, kuma a garin nan ba a raɗa wa yaro suna biyu.

Liman ya miƙo kunnensa ya ce, "Malam Nomau, wane suna?"

Nomau ya dubi mutanen nan uku ɗaya bayan ɗaya.

To, jama'a, ga ku ga liman yana jira. Wanda ya rasa jirgin gadonsa, da wanda ya rasa kakinsa, da wanda ya rasa rawaninsa har yake tsoron lahirarsa, wane ne a cikinsu ya cancanci a yi masa takwara?