Zomo da Allonsa Mai Gyangyaɗi

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, muna saurare.

Zomo akwai saurin tunani, amma kansa ba ya riƙe komai. Shi ya sa Hawainiya ta zama allonsa: duk abin da ya faɗa, nan take ya fito zane a bayanta.

Ranar nan Kura ta ce, "Zomo, gano mini hanyar rijiyar daji kafin la'asar, in ba haka ba kai ne abincina."

Zomo ya yi ta tunani yana faɗa, hanya tana fitowa a bayan Hawainiya.

Kunkuru ya ce, "Malam Zomo, kankare ta a ƙoƙon bayana mana. Nawa ba ya gogewa."

"Kai Baba, kafin ka juyo ai Kura ta haifi jika."

Hawainiya kuwa ta sha rana, ta ɗan gyangyaɗa. Da ta farka, bayanta fes.

Zomo ya ce, "Ina hanyar?"

"Wace hanya? Ni sai ina farke nake riƙo."

Sai ga Kura tana lasar baki. Zomo ya tsira da ƙyar, rabin wutsiyarsa a bakinta.

Tun daga ranar, kome ya gano, sai ya jira Kunkuru ya kankara. Ku duba bayansa, duk rubutun Zomo ne.

Ƙurunƙus, na ajiye ta a bayan Kunkuru, kada ta goge.