Yadda Kurege Ya Jiyo wa Kura Ra'ayin Daji

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mun kasa kunne.

Wata shekara Zaki ya tsufa, haƙora suka zube, ya ce ya gaji da mulki, namun daji su zaɓi sabon shugaba. Su biyu suka fito takara, Kura da Ɓauna. Aka sa zaɓe nan da kwana bakwai.

Kurege kuwa, kun san halinsa, bai iya noma ba sai baki. Ya wanke ƙafa ya tafi gidan Kura.

"Ranki ya daɗe, yanzu ba a shiga zaɓe da ka. Sai an fara jin ra'ayin jama'a. Ni zan bi rami-rami, sheƙa-sheƙa, in jiyo miki wanda za su zaɓa. Ladana buhun gyaɗa kawai."

Kura ta jawo buhu ta dire masa. Ta ce, "Ga shi. Amma ka ji da kyau. In abin da ka gaya mini ya saɓa da abin da ya fito ranar zaɓe, kai zan yi kalaci da kai."

Da mai hankali ne, da a nan ya bar buhun. Ina! Kafin ta rufe baki ya riga ya cika kumatu.

Da safe zai fita aiki, sai ga Kura a ƙofar raminsa. "Zan raka ka, daji ba tsaro." Kurege ya so ya ce a'a, ya dubi haƙoranta, ya ce, "To, madalla."

Suka je wurin Zomo. Kurege ya gyara murya. "Wa za ka zaɓa, Kura ko Ɓauna? Faɗi gaskiya, ba mai jin ka." Kura tana tsaye bayansa, yawu yana ɗiga. Zomo ya dubi Kurege, ya dubi yawun, ya ce, "Kura mana! Akwai wata ne?"

Suka je wurin Barewa. "Wa za ki zaɓa? Faɗi gaskiya, ba mai jin ki." Barewa ta ce, "Kura, ni da 'ya'yana, har da na cikin ciki."

Zabuwa kam ba ta jira tambaya ba. Daga ƙolin bishiya ta yi ta ihu, "Kura! Kura!"

Kwana shida suna yawo, ba wanda ya ambaci Ɓauna. Kurege ya san abin da ke ciki. Amma ya faɗa mata gaskiya, ya amayo rabin buhu? Sai ya ce, "Ranki ya daɗe, dajin nan kaf naki ne."

Ranar zaɓe ta zo. Aka ajiye ƙwarya biyu cikin kogon wata kuka, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa inda yake so. Kura ba ta ma je ba. Ta ce, "Tsakuwata ɗaya me za ta ƙara?" Ta zauna gida ana yi mata lalle. Kurege ya shiga kogo, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya jefa wa Ɓauna.

Da la'asar Kura ta iso da makaɗa. Kunkuru, alƙalin zaɓe, ya juye ƙwaryar Ɓauna, tsakuwa ta zubo tuli guda. Ya juye ta Kura. Ƙwal! Guda ɗaya.

Makaɗa suka yi tsit. Kurege zai sulale, ya ji dagin Kura a gadon bayansa.

"Dajin kaf, ko?"

"Ranki ya daɗe..."

"Ta kai zan fara ko ta wutsiya?"

Numfashinta yana dukan ƙeyarsa. Raminsa yana can taku goma, amma taku goma a ƙarƙashin dagin Kura tafiyar shekara ce. Sai ya fashe da kuka.

"Cinye ni! Cinye ni, na huta da baƙin ciki! Duk munafukan nan sun yaudare mu. Ke ba ki zo ba, to tsakuwar nan ta wa ce? Tawa ce! Ni kaɗai na tsaya miki a dajin nan. Cinye ni, ki cinye jam'iyyarki gaba ɗaya!"

Kura ta dubi tsakuwar, ta dubi Kurege. Wallahi har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗage dagi, ta buɗe hannuwa. "Zo nan, ɗan halak."

Kurege ya ja taku ɗaya baya, wai yana share hawaye. Taku biyu. Taku uku.

Sai ga tsohuwar Bushiya, wadda idonta ya yi rauni, ta kutso tana dogara sanda. "Malam Kunkuru, a maido mini tsakuwata! Kogon nan duhu, na jefa a ƙwaryar Kura bisa kuskure!"

Kura ta yi tsalle, Kurege ya yi tsalle. Farcenta ya karce shi tun daga kafaɗa har ƙugu, shi kuwa ya faɗa rami tsulum. Farin layin nan da kuke gani a gefen Kurege, tabon ranar ne. Har yau in ya fito, sai ya miƙe kan ƙafa biyu ya leƙa ko tana tafe.

Kurunkus, na sauke. In za ka yi rantsuwa da ƙuri'ar wani, ka bari sai mai ita ta tafi gida.